Tarihin Dokta Alick Isaacs, Likitan Da Ya Gano Mai Shelar Jikin Ɗan Adam

A filinmu na tarihin shahararrun mutane na wannan mako za mu kawo wa masu karatu labarin wani likita mutumin ƙasar Sikotland mai suna Alick Isaacs, wanda ya rasu tun cikin 1967 yana da shekara 45 kacal a duniya. Da wuya a sami wanda ya taɓa jin sunansa a Zangon Agege ko a Idi-Araba, amma aikin da ya bari yana nan a asibitocin da mu ke zuwa. Shi ne, tare da wani abokin aikinsa, ya kama ɗaya daga cikin 'yan aiken da ƙwayoyin jiki su ke aika wa junansu idan cuta ta kawo hari. An yi masa dariya a kan wannan magana yana da rai. Bayan ya kwanta dama sai ga abin da ya gano ya zama magani, har ya shafe kusan shekara ashirin yana cikin 'yan abubuwan da likitoci su ke da su na tunkarar ciwon dajin ƙoda idan ya bazu a jiki.

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mai karatu ya riƙe abu biyu. Na farko, jikin mutum an gina shi ne da waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda a ke gina gida da tubali, sai dai kowane tubali a nan yana da rai, yana ci, yana kuma rabuwa biyu ya hayayyafa. Na biyu, akwai wata irin ƙwayar cuta da a ke kira bairos, wadda ita ce ke kawo mura da ƙyanda da shawara da shan-inna. Bairos ba ya iya hayayyafa shi kaɗai, sai ya kutsa cikin ƙwayar jiki ya mai da ita baiwarsa, ta dinga ƙera masa 'ya'ya har ta mutu. A kan wannan faɗa tsakanin ƙwayar jiki da bairos Isaacs ya ƙarar da rayuwarsa.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Alick Isaacs a birnin Gilasgo ran 17 ga watan Yuli, 1921. Kakanninsa Yahudawa ne da suka gudo daga ƙasar Lituweniya saboda tsanantawar da a ke yi musu can, suka zauna a Birtaniya a matsayin baƙi. Ubansa ɗan kasuwa ne mai kanti. Gidan sun ɗauki ilmi da muhimmanci, har ma wani ƙanen Alick, Bernard Isaacs, shi ma ya zama farfesa wanda ya yi suna wajen kula da lafiyar tsofaffi.

Alick ya yi karatun likita a Jami'ar Gilasgo a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya gama a 1944. Duba marasa lafiya a gado bai ja hankalinsa ba kamar binciken ƙwayoyin cuta, saboda haka sai ya koma ɗakin gwaje-gwaje. A 1947 ya tafi Jami'ar Shefil ya fara nazarin bairos ɗin mura mai tsanani, wadda Turawa ke kira infuluwenza. A wancan zamani ba a ɗauki wannan mura da wasa ba, domin mutane ba su manta da annobar 1918 ba, wadda ta hallaka miliyoyin mutane a duniya. Mu ma nan ba ta bar mu ba. Jirgin ruwa ne ya sauke ta a Ikko a watan Satumba na shekarar, ta bi hanyar jirgin ƙasa ta haura Arewa, ta yi ɓarna mai yawa.

A 1948 Gidauniyar Rockefeller ta ba shi tallafin tafiya ƙaro ilmi, ya tafi birnin Melbon na ƙasar Ostireliya wurin Macfarlane Burnet, wanda a lokacin yana cikin manyan masanan bairos na duniya, daga baya kuma ya sami lambar Nobel a 1960. A 1949 ya auri wata likita mai suna Susanna Gordon, suka haifi tagwaye maza da mace guda. Da ya gama shekara biyu a Ostireliya sai ya komo Ingila ya kama aiki a Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa da ke unguwar Mill Hill a Landan. A nan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye cibiyarta ta lura da mura, inda a ke aiko da samfurin bairos daga ƙasashe dabam-dabam don a gane irin wanda ke yawo. Isaacs ne aka ɗora wa wannan aiki.

Abin da ya hana shi barci

Tun cikin shekarun 1930 masana suka lura da wani abin mamaki. Idan wani bairos ya riga ya shiga jikin dabba, sau da yawa wani iri na biyu ya kan kasa samun wurin zama. A 1937 waɗansu masana biyu na Ingila, Findlay da MacCallum, suka nuna cewa birin da aka fara sa wa bairos ɗin zazzaɓin Rift Valley, watau cutar tumaki da shanu ta Gabashin Afirka, ya kan tsira daga shawara wadda da ita kaɗai ce ta kama shi da ta kashe shi. Masana suka kira wannan hali katsalandan, watau bairos ɗaya yana yi wa ɗan'uwansa shisshigi. Yawancinsu sun ɗauka cewa na farkon ne ke tare wuri, kamar baƙon da ya riga shiga zaure ya shimfiɗa tabarmarsa, na baya ya zo ya rasa inda zai kwanta.

Isaacs ya fara nazarin wannan katsalandan tun yana Melbon, kuma bai gamsu da bayanin tare wuri ba. Ana nan sai a 1956 wani saurayin likita daga ƙasar Suwizalan mai suna Jean Lindenmann ya zo Mill Hill neman ilmi na shekara guda. Hira ta haɗa su, suka tarar ashe tambaya ɗaya ce ke damun su duka biyu, sai suka haɗa hannu.

Kayan aikinsu ba su taka kara sun karya ba. Su kan ɗauki ƙwan kaza wanda ɗan tsako ya yi kamar kwana 10 a ciki, su cire tantanin da ke kewaye da ɗan tsakon, su yayyanka shi ƙanana su zuba a kwalabe. Sa'an nan su ɗauki bairos ɗin mura su ɗumama shi na awa guda a zafi mai digiri 56, yadda zai daina hayayyafa amma bai wargaje ba. Wannan raunanan bairos su ke zuba wa gutsattsarin tantanin, bayan 'yan sa'o'i su wanke su, su mai da su cikin sabon ruwa su bar su su kwana. Kashegari sai su tsiyaye ruwan kaɗai, su jiƙa waɗansu sababbin gutsattsari da shi, waɗanda ba su taɓa haɗuwa da bairos ba, sa'an nan su sakar musu lafiyayyen bairos mai rai. Abin da suka gani shi ne bairos ɗin ya kasa yaɗuwa yadda ya saba.

To, a nan bayanin tare wuri ya faɗi, domin babu baƙon da ya shimfiɗa tabarma a sabon zauren. Ashe gutsattsarin farko ne suka saki wani abu a cikin ruwan, abin nan kuwa shi ya gargaɗi na biyun suka ɗaura ɗamara. Suka raɗa masa suna intaferon, daga kalmar Turanci mai ma'anar katsalandan, suka buga sakamakon a mujallar Royal Society ta Landan a 1957. Da taimakon wani masanin haɗa magunguna mai suna Derek Burke aka gane cewa abin furotin ne, watau dangin sinadaran da a ke gina tsoka da jini da su, kuma yana tare bairos iri-iri, ba na mura kaɗai ba. Gaskiya ta sa a ambata cewa waɗansu masana biyu na ƙasar Jafan, Nagano da Kojima, sun hango alamar irin wannan abu tun 1954, sai dai aikin Isaacs da Lindenmann ne ya fito da shi fili ya ba shi suna.

Ilmin yau ya tabbatar da yadda abin ke aiki. Ƙwayar jikin da bairos ya shiga ta kan saki intaferon kafin ta mutu, kamar mai rumfa a kasuwar Agege da ɓarawo ya faɗa masa ya yi yekuwa. Yekuwar ba lalle ta cece shi ba, amma maƙwabta sun ji, kowa ya tattara kayansa ya rufe, 'yan sintiri kuma sun nufo wurin. Haka ƙwayoyin da ke kusa su kan ƙera sinadaran kariya, su rage saurin rabuwa, fararen ƙwayoyin jini kuma, waɗanda su ne dakarun garkuwar jiki, su taso. Wani ɓangare na zazzaɓi da ciwon gaɓoɓin da mai mura ke ji ma aikin wannan shela ne.

Yabo, sa'an nan ba'a

Shekarar 1957 ta zo wa Isaacs da nauyi biyu, domin a cikinta ne sabuwar annobar mura ta taso daga nahiyar Asiya ta zagaye duniya ta kashe fiye da mutum miliyan guda, shi kuwa shi ne mai karɓar samfura a Landan. Lindenmann kuma ya koma gida Suwizalan ya kama waɗansu ayyuka, ya bar Isaacs da riƙon tutar.

Da farko abin ya sami karɓuwa. Jaridu suka yi ta cewa an sami abin da zai yi wa bairos irin abin da fenisilin ya yi wa sauran ƙwayoyin cuta. Hukumomin Birtaniya kuwa suna da tsohon ciwo a zuciya, domin a ƙasarsu aka gano fenisilin amma kamfanonin Amurka suka fi cin ribarsa. Don kada a maimaita, Majalisar Binciken Lafiya ta ƙasar ta yi rajistar mallakar intaferon, ta haɗa kai da kamfanoni uku, Glaxo da ICI da Wellcome, aka kafa kwamiti Isaacs yana shugabanta.

Amma aikin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Jiki ba ya yin intaferon sai ɗan kaɗan ƙwarai, har ya zama abin da ke cikin kwalba kusan dukansa tarkace ne, maganin kuwa bai kai ƙwayar gero a cikin buhu ba. An kasa tace shi, an kasa auna shi a sikeli, balle a nuna wa mai shakka. Sa'an nan a 1959 aka gane cewa galibi na kowace dabba ita ya ke yi wa aiki, na kaza ba ya amfanin mutum, watau duk ƙwan da aka fasa ba zai ba da maganin ɗan Adam ba. A 1962 an yi gwaji a kan masu sa kai, aka yi musu allurar intaferon da aka samo daga ƙwayoyin ƙodar biri a fatar hannu, sa'an nan aka yi musu lambar agana a wurin, lambar ta ƙi kamawa. Wannan ya nuna abin yana aiki a jikin mutum. Amma da aka gwada shi a kan mura sai bai yi komai ba, domin abin da a ke da shi bai isa ba.

Waɗansu manyan masana, musamman a Amurka, suka ce babu wani intaferon, ragowar bairos ne da ba a wanke da kyau ba ya ruɗi Isaacs. Har laƙabin ba'a suka yi wa abin, mai ma'anar kuskuren fahimta. An amsa wannan zargi da gwaji, domin an nuna cewa ruwa mai tsami ƙwarai yana kashe bairos amma intaferon yana nan da ƙarfinsa. Duk da haka maganar ta soki Isaacs. Mutum ne mai fara'a da barkwanci da saurin tunani, amma yana fama da ciwon damuwa, wanda ya kan kwantar da shi har ya bar aiki na wani lokaci. Ya kan tashi ya koma ɗakin gwaji ya ci gaba daga inda ya tsaya.

A 1961 aka naɗa shi shugaban sashen binciken bairos na cibiyar. A farkon 1964 wata jijiya ta fashe a kansa, jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Ya farfaɗo, amma bai koma yadda ya ke a da ba, sai aka sauke masa nauyin sashen aka ba shi ɗan ƙaramin ɗakin bincike na intaferon kaɗai. A 1966 aka zaɓe shi cikin ƙungiyar Royal Society, wadda ita ce ƙololuwar girmamawa ga masanin kimiyya a Birtaniya. Bai shekara guda da wannan ba jinin ya sake zuba, ya rasu a Landan ran 26 ga watan Janairu, 1967. Ya tafi bai taɓa ganin tataccen intaferon da idonsa ba.

Abin da ya biyo bayan rasuwarsa

Hausawa na cewa mai haƙuri ya kan dafa dutse, sai dai a nan waɗansu ne suka sha romon. Shekara biyu bayan rasuwarsa, a 1969, wani masani mai suna Ion Gresser da ke aiki kusa da Faris a Faransa ya nuna cewa intaferon yana rage girman ciwon daji a jikin ɓeraye. Dalilin a fili ya ke. Ciwon daji ƙwayoyin jiki ne da suka ƙi jin birki su ke ta rabuwa ba tsayawa, shelar intaferon kuwa tana sa ƙwayoyi su rage rabuwa, tana kuma tayar da dakarun garkuwa. A ƙasar Finlan wani likita, Kari Cantell, ya gano hanyar samo shi daga fararen ƙwayoyin jinin da mutane suka ba da kyauta, ya zama kusan duk duniya a wurinsa a ke samun ɗan abin gwaji, da tsadar da ta fi ta zinariya. A 1978 Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Amurka ta ware dala miliyan 2 don sayensa kawai. A 1980 Charles Weissmann da jama'arsa a birnin Zurik suka dasa umarnin ƙera intaferon a cikin ƙwayoyin bakteriya, suka mai da su masana'anta. Daga nan ƙarancin ya ƙare. A 1986 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a kan wani irin ciwon dajin jini, daga baya aka yi ta amfani da shi a kan ciwon hanta nau'in B da C.

Yadda ya haɗu da ciwon dajin ƙoda

Ciwon dajin ƙoda ya daɗe yana ba likitoci wuya. Idan an gan shi da wuri, a kan yi tiyata a cire ƙodar ko wani yanki nata, mutum ya ci gaba da rayuwa da ɗayar. Amma idan ya bazu zuwa huhu ko ƙashi, magungunan ciwon daji da aka saba da gashin haske ba su cika yi masa komai ba. Sai dai likitoci sun lura da wani abu da ba safai ya ke faruwa ba, ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari: wani lokaci idan an cire ƙodar, sai kumburin da ya riga ya tafi huhu ya bushe da kansa. Wannan ya sa suka yi zargin cewa garkuwar jiki tana iya ganin wannan ciwo, ƙarfafa ta kawai a ke bukata.

A 1983 likitoci a birnin Huston na Amurka suka ba da rahoton cewa intaferon ya rage kumburin a jikin waɗansu masu ciwon. Da aka faɗaɗa gwaji sai aka ga kamar mutum 10 zuwa 15 cikin ɗari ne ke samun wannan sauƙi. A 1999 Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya, watau hukumar da Isaacs ya yi wa aiki, ta buga sakamakon wani gwaji a kan mutum fiye da 300. Matsakaicin kwanan waɗanda aka yi wa allurar intaferon ya kai wata takwas da rabi, na waɗanda aka ba wani magani kuwa wata shida. Wata biyu da rabi ba abin a zo a gani ba ne ga mai lafiya, amma a wancan lokaci samun shaidar cewa wani magani yana ƙara wa irin waɗannan majinyata kwana babban labari ne.

A halin nan kuma an gano cewa intaferon ɗaya ne kawai cikin 'yan aike masu yawa. A 1976 aka gano wani a Amurka wanda daga baya aka sa wa suna intalukin na 2, aikinsa shi ne sa dakarun garkuwa su hayayyafa. Dokta Steven Rosenberg ya gwada shi a kan majinyata cikin shekarun 1980, a 1992 aka amince da shi a kan ciwon dajin ƙoda. Magani ne mai azaba, yana sa zazzaɓi da kumburin jiki da faɗuwar bugun jini, sai a asibitin da ke da ɗakin kulawa ta musamman a ke ba da shi. Amma wajen mutum 7 cikin ɗari ciwon ya kan ɓace musu gaba ɗaya, da yawansu kuma ba ya dawowa.

Ɗan aike mai baki biyu

Da a ce duk 'yan aiken nan namu ne, da labarin ya zo da sauƙi. A 1986 masana a birnin Osaka na Jafan, ƙarƙashin Tadamitsu Kishimoto, suka fito da wani mai suna intalukin na 6. A 1989 waɗansu masanan Jafan suka ba da rahoton cewa ƙwayoyin dajin ƙoda da a ke reno a ɗakin gwaji suna ƙera wannan sinadari da kansu, su kuma karɓe shi da kansu a matsayin umarnin ci gaba da rabuwa. Watau ɓarawo ya sami gangar mai shela yana kaɗa wa kansa. An kuma lura cewa majinyacin da wannan sinadari ya yi yawa a jininsa ya fi fama da zazzaɓi da rama da ƙarancin jini, ciwonsa kuma ya fi sauri.

Haka nan ƙwayoyin dajin ƙoda su kan aika wani saƙon ƙarya cewa iska ta yanke musu, jiki ya yi ta shimfiɗa musu sababbin jijiyoyin jini suna samun abinci. Magungunan da ke tare wannan saƙo sun fito a 2005 da 2006. A wani gwaji da aka buga a 2007, ɗaya daga cikinsu mai suna sunitinib ya tsare ciwon na wata 11, intaferon kuwa wata 5. Daga nan tauraron intaferon ya dusashe a wannan fage. Sa'an nan aka gane cewa ciwon daji ya kan ɗaga wata alama da ke sa dakarun garkuwa su mai da takobi kube, abin mamaki kuma wani nau'in intaferon ɗin ne da kansa ke sa shi ɗaga ta. Maganin da ke hana dakarun garkuwa ganin wannan alama, nivolumab, an amince da shi a kan ciwon dajin ƙoda a 2015, masanan da suka share hanyar kuwa, James Allison da Tasuku Honjo, suka sami lambar Nobel a 2018. Duk wannan hanya daga kwalaben Mill Hill ta faro. Ko a annobar korona ta 2020 bincike ya nuna cewa kamar mutum 1 cikin 10 na waɗanda cutar ta kai su gargara, jikinsu ne ke toshe nasa intaferon.

Abin da ya shafe mu

A ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya, fiye da mutum 400,000 ne suka kamu da ciwon dajin ƙoda a 2020, maza sun fi mata yawa. Shan taba da ƙiba da hawan jini suna cikin abubuwan da ke ƙara hatsarinsa. Sababbin magungunan nan suna da tsadar da ta fi ƙarfin ɗan kasuwar goro ko mai sayar da raguna, kuma ko ga mai kuɗi galibi kwana su ke ƙarawa. Abin da ke warkarwa har yanzu shi ne tiyata a kan kari. Likitocin asibitocin koyarwa na ƙasar nan kuwa sun sha kokawa cewa majinyata ba sa zuwa sai ciwon ya riga ya yi nisa.

Akwai dalili na musamman da ya sa wannan ya shafi mutanenmu. Babbar alamar ciwon ita ce jini a cikin fitsari, sau da yawa ba tare da zafi ba, ya zo ya ɗauke. Wanda ya tashi a bakin rafi ko kusa da madatsar ruwa a Arewa ya saba ganin tsargiya tun yana yaro, saboda haka idan ya ga jini yana da shekara hamsin sai ya ce tsohuwar cuta ce ta motsa, ya nemi jiƙo. Tsargiya tsutsa ce ke kawo ta, tana da maganinta a asibiti, idan an bar ta kuma tana iya jawo ciwon dajin mafitsara. Ido ba ya bambanta jinin tsargiya da na ƙoda, sai gwajin fitsari da hoton ciki. Sauran alamun su ne ciwo a kwiɓi wanda ba ya tafiya, ƙullutu a gefen ciki, rama da zazzaɓin da ba a san dalilinsu ba. Iyaye mata kuma su lura, akwai wani irin dajin ƙoda na yara 'yan ƙasa da shekara 5, wanda a kan fara gane shi da tauri ko kumburi a gefen cikin yaro wajen wanka, kuma yawancin yaran suna warkewa idan an kai su da wuri.

Mazauna Agege suna da babban asibiti a Orile-Agege, ga asibitin koyarwa na jiha a Ikeja, ga na Jami'ar Ikko a Idi-Araba inda aka buɗe cibiyar ciwon daji a 2019. Dokta Isaacs ya yi shekara goma na ƙarshen rayuwarsa yana ƙoƙarin gamsar da masana cewa jiki yana yin shela idan yana cikin hatsari, kuma lokaci ya gaskata shi. Jini a fitsari shela ce wadda ba ta bukatar madubin likita kafin a gan ta. Duk wanda ya gan shi, ko sau ɗaya ne, ya tafi a duba shi cikin makon nan, kada ya jira ya sake dawowa.